Ƙyallen da Maharba Suka Karanta a Baibai

Samarin da kan zauna a rumfar ƙofar gidana bayan la'asar sukan ɗauki tsofaffin zane-zanena su jujjuya, su ce, "Baba Ilu, ai wannan ko ɗan firamare ya yi shi. Mutum ne da jan mayafi, ga ɓauna, ga budurwa." Ba na musu da su. Nakan miƙa wa mai maganar alƙalami in ce ya zana mini mutum yana gudu. Zai zana mutum kuwa, da kai da ƙafafu da komai, amma mutumin na tsaye ƙiƙam kamar wanda aka kafa a gona don korar tsuntsaye. To, sana'ata ke nan: in sa abin da ba shi da rai ya yi gudu, in sa ƙyalle ya ba da labari. Da ita na ci abinci tun zamanin Turawa, a kasuwar Birnin Gwari da ƙauyukan bakin daji, kuma ina so in rubuta yadda ake yin ta tun idona bai ƙarasa tafiya ba.

A hannun Kofur Tanko na koya. Tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Bama, na zamanin Hitila, da ɗingishi da akwatin ƙarfe, ya kama aikin rubuta allunan shaguna da yi wa manyan motoci ado. A cikin akwatin nan akwai wasu 'yan littattafai masu launi da ya samo a wurin sojojin Turawa, duk sun sha ruwa da gumi sun yi laushi. Ba mai iya karanta Turancin da ke ciki, har shi Kofur ɗin, sai kalma ɗai-ɗai. Amma ba a bukatar Turancin. An raba kowane shafi gida-gida, a kowane gida akwai wani ƙato mai faɗin ƙirji da matsattsun kaya da mayafi a kafaɗa, yana tashi sama, yana ɗaga mota da hannu ɗaya, yana cafe mace kafin ta faɗo ƙasa daga dogon bene. Ranar da na fara gani an aike ni sayen gishiri ne. Ban koma gida ba sai da miyar ta dahu ba gishirin.

Aikin farko da Kofur ya ba ni ba mutum ba ne, ba dabba ba. Layi ya sa ni ja. Waɗannan gidajen da ake raba shafi da su, shi taga yake kiran su, domin ta cikinsu ake leƙa labari. Damina guda ina jan tagogi a kan allo da gawayi, in goge, in sake.

Na ce, "Kofur, yaushe zan fara mutum?"

Ya ce, "Ina za ka ajiye shi? A kan kaina? Gina masa ɗaki tukuna."

Sannu a hankali na gane abin da yake nufi. Taga ita ce lokaci. In ka jera ƙanana uku kusa da juna, idon mai kallo zai yi tsalle a kansu da sauri, zuciyarsa ta yi saurin tare da shi. In ka buɗe babba guda, ido zai shiga ya zauna ya huta, ya duba nan ya duba can. Saboda haka ana ba gudu da naushi ƙananan tagogi, ana ba nasara da bankwana babba. Wanda ya yi tagoginsa duka kai ɗaya kamar ramukan dara, ya ba da labari ne da murya ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma mutane za su yi hamma su tafi wurin mai biri.

Kayan aikinmu ba na kanti ba ne a lokacin. Alawayyo muke saye, wato farin yadi, mu jiƙa shi da ruwan kullun rogo, mu shanya, mu buga shi da taɓarya a kan gungume har ya yi santsi ya daina shan tawada. Baƙin launi kuwa gawayi ne da ƙaro, irin tawadar allo amma mai kauri. Shuɗi daga marina muke roƙowa. Ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau. Alƙalamin gamba don siririn layi, gashin jelar akuya da aka ɗaure a bakin kara don shafa launi. Jelar bunsuru ba ta yi, gashinta ya cika tauri, kuma warin ba ya barin ƙyalle. Fentin gwangwani sai daga baya direbobi suka fara kawo mana daga Kaduna, kuma har yau ban ga jan da ya kai na karan dafi kyau ba in rana ta yi sanyi ta haske shi.

Na tuna allon wani mai shayi a bakin tasha, aikin farko da Kofur ya bar ni in yi mutum. Mai shayin yana son a zana masa ɗan kokawa. Na zana shi daidai, ido da ido, kamar yadda kake ganin abokinka a hanya. Kofur ya duba ya ce wannan ai mai tallan goro ne ya tuɓe riga. Ya kama wuyana ya durƙusar da ni a ƙasa, ya tsaya a kaina.

"Ɗaga ido. Me ka gani?"

"Ƙafafunka, Kofur. Sun yi girma. Kanka kuma ya yi nisa."

"To haka ɗan tsako ke ganin mutum. In kana son jarumi, ka zama ɗan tsako. In kana son ka nuna mutum ya rasa mataimaki, ka zama shaho, ka dube shi daga sama, ya zama ɗan ƙwaro a tsakiyar fili."

Kallon ɗan tsako da kallon shaho, da su na yi aiki duk rayuwata. Sai kuma jelar iska, wato 'yan layukan da ake ja a bayan mai gudu ko bayan dunƙulen hannu. Ba wanda ya taɓa ganin irin layukan nan a duniya, amma ba wanda ya taɓa tambayata ko mene ne su. Mayafin jarumi ma ba don ado ake sa shi ba. Mutum a tsaye da mayafi a sake, an san yana hutawa. Mayafin ya miƙe a baya, an san ya taso. Ya kumbura sama, an san yana dirowa. Ƙyalle ɗaya a kafaɗa ya isa ya gaya maka inda iska take da inda mai shi ya dosa.

Da na tsaya da ƙafata sai na ƙirƙiro nawa jarumin, domin ƙaton Turawa mai tashi a kan benaye ba shi da abin yi a dajinmu. Nawa sunansa Ɗantsawa. Maharbi ne da tsawa ta faɗo masa a kan dutse a tsakiyar daji, bai mutu ba, ya tashi da ƙarfin da zai iya tuge maɗaci da saiwarsa. Na ba shi jan mayafi. Na kuma ba shi Zinaru, domin ni ban yarda da labarin da ba mace a ciki ba, kuma har yanzu da tsufana littattafan soyayyar nan na kasuwa ba sa wuce ni. Zinaru doguwa ce, mai wuya kamar na barewa, ba ta taɓa kallon Ɗantsawa kai tsaye. Kullum ta gefen ido take dubansa, kuma wannan gefen idon ya fi ci mini lokaci a kan ɓauna da zaki a haɗe. Ɗigo ɗaya na fari nake bari a cikin baƙin idon. In ɗigon ya goce kaɗan, sai ta koma mai harara.

Ranar kasuwa nakan kafa sanduna biyu a gindin tsamiya, in rataya ƙyallen a tsakani, in tsaya a gefe da 'yar sandar gora ina nuna taga bayan taga ina ba da labari. Masu haƙar zinariya su ne manyan masu kallona, sun zo daga ƙasashe daban-daban, wasu Hausar ma ba ta zauna a bakinsu ba, amma zane ba ya bukatar tafinta. Akwai masu yankan katako, da direbobi da yaran mota. Fulani matasa sukan tsaya a kan ƙafa ɗaya da sanda a kafaɗa su gyara mini ƙahon saniya in na kuskure. Matan Gwari sukan sauke kayansu daga kafaɗa su tsaya daga baya tare da masu tallan fura, su ba ruwansu da faɗan, jira suke su ga ko yau Zinaru za ta yi murmushi. Wata tsohuwa ta taɓa jifan ƙyallen da ɓawon gyaɗa don na bar Zinaru a cikin ruwan sama ba mayafi.

Sai ga muguwar shekara. Zinariya ta ja baya a ramuka, masu haƙa suka naɗe tabarmi suka watse. Damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada, wanda ke neman abin sa wa a tukunya ba ya tsayawa kallon jarumi. Alawayyo ya fi ƙarfina, na koma zane a kan tsofaffin buhuna, launi yana nutsewa a cikinsu kamar ruwa a yashi. Akwai ranar kasuwar da na yi labari tun daga farko har ƙarshe, masu kallona awaki biyu ne da wani kurma.

A cikin wannan hali ne Sarkin Bakan Dogon Dawa, Jatau, ya zo har rumfata. Shi ne shugaban maharban wannan yanki, babban mutum mai tabo a kumatun hagu inda damisa ta taɓa shafa shi, da gemu mai rassa biyu. Ya ajiye mini sabon alawayyo a gabana.

"Yaro, an ce kai ne mai Ɗantsawa."

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Bayan kaka maharban Kutemeshi za su zo mana wasa. Ina son ƙyalle a zaurena, wanda za su gani su yi shiru. Ka sa masa fuskata."

Maharban Kutemeshi da na Dogon Dawa abokan wasa ne tun kakanni, ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba. Na ce in an yarda zan zo in tsaya da sandata in ba da labarin. Ya ce a'a, suna da makaɗansu, ƙyallen kawai yake so.

Na zuba duk abin da na sani a wannan aiki. Taga huɗu na yi, a jere daga hagu zuwa dama kamar yadda suke a littattafan Kofur. A ta farko, kallon shaho: Ɗantsawa ɗan ƙarami yana zaune a bayan rumbu a gida, can nesa kuma ga Zinaru a kan bishiya, ɓauna na tsaye a gindi. A ta biyu ya taso da gudu, kuma na yi dabarar da nake alfahari da ita, na sa shi yana gudu ya nufo mai kallo, kamar zai faso ƙyallen ya fito. A ta uku idanunsa kaɗai na zana, a buɗe wara-wara, sun cika tagar. A ta huɗu ya riƙe ƙahonin ɓauna da hannu biyu. Tabon yana nan, gemun yana nan. Na naɗe na aika.

Bayan wasan sai ga saƙo in zo Dogon Dawa. Na tafi ina tunanin za a yi mini tukuici da cinyar gwanki. Na tarar da zaure cike da maharba, ba mai dariya a cikin na gida. Baƙin kuwa ba su tafi ba tukuna, kuma a gabansu akwai wani ɗan siririn mutum mai bakin tsiya da ake kira Gajere, shi ne mai magana da yawun maharban Kutemeshi a wurin wasa.

Sarkin Baka ya ce, "Gajere, maimaita masa."

Gajere ya tashi ya gyara wando, ya je ya tsaya a ƙarshen ƙyallen na dama. Ya ɗora yatsa a kan taga ta huɗu.

"Bismillahi. Ga Sarkin Bakanmu ya kama ƙahon ɓauna, Allah ya ba shi lada, ya gwada." Ya matsa hagu. "Ga shi ya ji ƙarfinta. Ku dubi idanu, jama'a, kamar an kama ɓarawon kaza." Ya ƙara matsawa. "Ga shi ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya nufo mu, ku ba shi hanya kada ya take yara." Ya kai taga ta farko. "Alhamdu lillahi, ya iso gida lafiya, ya ɓuya a bayan rumbu. Yarinyar mutane kuwa tana can kan bishiya, sai wani daga Kutemeshi ya je ya sauko da ita."

Baƙi suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na tsaya ina kallon ƙyallen kamar ban taɓa ganinsa ba, domin duk abin da Gajere ya faɗa yana nan a zane. Mutanen nan duka da allo suka yi karatu. Wanda ya tashi da allo daga dama yake farawa, ko rubutu ne ko jerin kaya a kasuwa. Littattafan Kofur daga hagu suke farawa, ni ma na bi su. Duk shekarun nan sandar gorata ce ke jan idon mutane zuwa inda nake so, ban sani ba. Ranar da aka rataya ƙyalle ba sanda, kowa ya bi hanyar da malaminsa ya koya masa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga hagu ake farawa."

Gajere ya ce, "Da hagu kake cin tuwo a gidanku?"

Sarkin Baka bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, ka sa fuskata a bayan rumbu. Kafin a fita farautar rani waɗannan mutanen za su dawo. Ka kawo wani ƙyallen. Za ka tsaya bakinka a rufe, hannunka a baya, Gajere ya karanta ta inda ya ga dama. In aka sake yi mini dariya, daga nan har Kutemeshi har cikin gari, ba kasuwar da za ka sake kafa sandunanka."

Ba barazanar banza ba ce. Maharba ne ke raka 'yan kasuwa ta cikin daji, ba sarkin kasuwar da zai ɓata da su saboda mai zane.

Na ce zan juya tagogin su fara daga dama. Gajere ya ce madalla, shi kuma ranar zai zama ɗan boko, ya fara daga hagu.

Na koma wurin Kofur, wanda a lokacin ido ya fara yi masa hazo. Ya ce Turawa ba su taɓa shiga wannan matsala ba, domin dukansu sun yarda da hagu, amma ya ce in gwada sa kibiya tsakanin tagogi tana nuna hanya. Na gwada a kan buhu na nuna wa wani maharbi maƙwabcina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wa ya harba wannan? Ko waye, bai iya ba, ta wuce ta bayan ɓaunar." Na gwada lamba, ya tambaye ni ko tsutsotsi ne. Ko da ma an gane su, kibiya da lamba roƙon mai kallo suke yi ya bi hanya, shi kuwa Gajere ba mai jin roƙo ba ne. Abin da nake bukata shi ne labarin da ba ya karantuwa a baibai ko an so.

A bakin rijiyar kasuwa na samu. Na je ɗiban ruwan jiƙa ƙaro, na tarar da tsingaro a warwatse, ƙasa a jiƙe, da gammo a gefe. Ba kowa a wurin. Duk wanda ya iso sai ya ce, "Ayya, wata ta fasa tulu." Ba wanda ya gani da idonsa, ba wanda aka gaya wa, kuma ba wanda ya ce tsingaron nan shirin haɗuwa suke su zama tulu. Na bar gugana a nan na koma rumfa da sauri. Gudu yana tafiya gaba yana dawowa baya, ido a buɗe yana iya zama fushi yana iya zama tsoro, amma abin da ya fashe hanya ɗaya gare shi.

Alawayyon wannan aiki, wani direba ne ya kawo mini, na biya shi da zanen dawisu a ƙofofin motarsa. Na buga ƙyallen da kaina har hannuna ya yi kanta. Taga shida na ja, daga dama, ta farko 'yar ƙarama, kowace ta fi ta bayanta girma, yadda ido zai riƙa gangarawa daga ƙunci zuwa fili kamar ruwa.

A ta farko ga Zinaru a bakin rafi da tulu a ka, lafiyayye, na yi masa zobe shuɗi a wuya don a shaida shi. Ƙahoni biyu na leƙowa daga cikin ciyawa. A ta biyu tulun yana iska, ruwa na zuba, ita ta kama reshe. A ta uku tsingaro a ƙasa, ga guntun wuyan mai zoben shuɗi, kuma daga nan kowace taga sai da na sa tsingaron nan a cikinta. A ta huɗu Ɗantsawa ya taso, amma wannan karon ta gefe na zana shi, na kuma jera sawunsa a bayansa, kowane da yatsu biyar, suna fitowa daga gefen tagar har inda yake. A ta biyar na sauke masa gira, na matse idanun, ƙahon ɓauna ya kama jan mayafin ya yage shi, tsumman yana rataye a tsinin ƙahon. Sai na bar fili fari mai faɗin tafin hannu, ban zana komai ba. Bayan filin, babbar taga: Ɗantsawa a tsaye da yagaggen mayafi, karyayyen ƙaho a hannunsa da jan tsumman a jiki, ɓauna a kwance da ƙaho ɗaya. Zinaru ta sauko, tana miƙa masa ruwa a cikin guntun tulun nan mai zoben shuɗi, tana dubansa ta gefen ido. Ɗigon farin nan sai da na riƙe numfashi kafin na bar shi.

Ranar ta zo. An rataya ƙyallen a waje, a jikin katangar zaure, domin jama'ar ta fi ta farko, har da mata da masu tallan abinci. Na tsaya a gefe, hannu a baya. Sarkin Baka na zaune a kan buzu, bai ko dube ni ba. Gajere ya zo yana taku ɗai-ɗai, ya duba dama, ya duba hagu, ya gane inda labarin ya fara, sai ya wuce ɗaya ƙarshen ya tsaya a gaban babbar taga.

"Yau ni ɗan boko ne, daga nan zan fara. Ga Sarkin Baka ya tarar da ɓauna tana barci. Ya tsinci ƙaho a ƙasa." Ya matsa dama. "Sai ya, to, sai ya mayar mata da ƙahonta."

Wani daga cikin na gida ya ce, "Da me ya liƙa? Da ƙaro?"

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Gajere ya yi kamar bai ji ba, ya tsallaka zuwa taga ta huɗu. "Ga shi nan dai ya zura da gudu, ya nufi gida."

Wani dattijo daga cikin mutanen Kutemeshi, garin su Gajere, ya tashi ya zo ya sunkuya a kan zanen. Ya bi sawun da yatsa. Ya ce, "Gajere, kai maharbi ne ko mai sayar da daddawa? Dubi yatsun. Wannan sawun zuwa ne. Kuma mayafinsa a nan lafiya lau, wa ya ɗinke masa a tsakiyar daji?"

"Baba, ai wasa ake yi."

"A yi wasa da mutum. Ba a yi da sawu."

Gajere ya matsa gaba. Ya iso wurin tsingaro, ya dubi tulun da ke iska, ya dubi wanda ke kan Zinaru lafiyayye. Ya buɗe baki. "Sai tulun ya tashi daga ƙasa, ya tattara kansa, ya kwashe ruwansa, ya hau kan yarinya."

Wata mai tallan fura daga baya ta ce, "In haka ake yi a Kutemeshi, Gajere, biyo ni gida. Akwai nawa fasassu a bayan ɗaki tun bara suna jiranka."

Wurin ya kaure da shewa. Mutanensa ma suna dariya suna dukan cinya. Gajere ya tsaya, ya cire hula ya goge fuska, shi ma ya yi dariya. Sannan ya taka ya koma dama, wurin 'yar ƙaramar taga, ya ce a yi shiru zai karanta kamar ɗan Musulmi.

Ban taɓa jin an ba da labarin Ɗantsawa kamar yadda mutumin nan ya ba da shi a ranar ba, har ni da na haife shi. Ya yi muryar Zinaru, ya yi gurnanin ɓauna, ya bi ƙananan tagogin da sauri yana haki. Da ya iso farin filin nan da ban zana komai ba, sai ya dunƙule hannu biyu a iska ya murɗa, ya kwatanta yadda ƙahon ya yi ƙara da ya karye, yadda ɓaunar ta durƙusa da gwiwar hagu tukuna. Mutane suka gyaɗa kai suna kallon farin alawayyo. Dattijon nan ya ce tabbas, da ta hagu suke fara durƙusawa.

Sarkin Baka ya tashi ya zo gaban babbar taga. Ya daɗe a nan. Ya shafa tabon kumatunsa, ya dubi na zanen. Sannan ya juyo ya ce da maharbansa, duk kasuwar da yaron nan zai je a raka shi, kuma a kai masa cinyar gwanki har gida. Ya dube ni.

"Ilu, buɗe bakinka yanzu. Me za ka ce?"

Na dubi ƙyallen, na dubi Gajere da ke can yana sake wa yara labarin daga farko.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba su rage mini komai ba."